Kaka a Gidan Uwa Kirista: Tarihin Godiyar Girbi a Ƙasar Hausa

Kaka, wato lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa amfanin gona ya nuna, tana kankama a ƙasar Hausa daga ƙarshen Satumba ta kai har cikin Disamba, ko da yake gero, wanda ke riga sauran hatsi isowa gida, akan fara girbinsa tun ruwa bai gama janyewa ba. A ƙauyukan Kiristocin Hausa na ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina, wannan lokaci yana da rana guda da ta fi sauran nauyi, ita ce Lahadin godiya, wadda kowane gida ke ɗaukar wani kaso na abin da ya noma ya kai majami'a. Marubuta tarihin ikkilisiya sun fi ba da ƙarfi ga Turawan mishan da fastoci da shekarun da aka gina coci-coci, alhali kuwa wannan al'ada ta samu gindin zama ne a bisa aikin uwaye masu goyo da ƙananan yara, domin ta hannunsu hatsi ke bi kafin ya tashi daga dami ya zama abinci ko baiko.

Bikin yana da tushe biyu da suka zo daga waje. Na farko shi ne Littafi Mai Tsarki, inda Littafin Firistoci da Maimaitawar Shari'a suka umarci Isra'ilawa su kawo nunan fari, wato abin da ya fara nuna a gona, su kuma yi Idin Bukkoki na kwana bakwai bayan sun gama tattara amfani. Na biyu shi ne al'adar Cocin Ingila, wadda galibi ake danganta sifarta ta zamani da wani limami mai suna Robert Hawker, wanda a shekarar 1843 ya kira mutanen Morwenstow, wani ƙauye a yankin Cornwall, su taru a coci su yi godiya saboda girbi. Daga nan ƙawata coci da zangarniyar alkama da kayan lambu ya bazu a Ingila a daidai zamanin da ƙungiyoyin mishan ke tura mutanensu Afirka.

Shigowar waɗannan ƙungiyoyi ƙasar Hausa ta yi jinkiri, ta kuma sha wuya. Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS, wadda ita ce mishan ta Cocin Ingila, yana cikin ayarin da ya isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin a mai da tashar mishan Wusasa a wajen ganuwa a ƙarshen shekarun 1920. A tsakanin haka an kafa ƙauyen Kiristoci manoma a Gimi, yawancinsu zuriyar Isawa, wato wasu almajirai da tun ƙarni na 19 suke ba Annabi Isa matsayi na musamman, sai dai ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai a shekarun 1930, lokacin da aka bar mishan SIM ta kama aikin jinyar kutare a Kano da Katsina da Sakkwato, wanda ya ba ta hanyar isa ƙauyukan Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da bin addinin gargajiya. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma shigar Maguzawa cikin Kiristanci da yawa ta fi ƙarfi daga shekarun 1970. Wusasa ta yi suna da 'ya'yanta, irin su Likita R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon, kuma abin takaici ne cewa littattafan da suka jera waɗannan sunaye ba su cika tsayawa su bayyana yadda matan da suka goyi wannan tsara suke tafiyar da gidajensu ba.

Fahimtar matsayin uwa a wannan tarihi yana bukatar duba tsarin noman gidan Bamaguje kafin zuwan mishan. Akwai gandu, wato babbar gonar gida wadda maigida ke shugabanta kowa kuma ke yi wa aiki, akwai kuma gayauna, ƙaramar gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa bayan an tashi daga gandu. Matan Maguzawa ba sa kulle, suna riƙe fartanya kamar maza, kuma macen da ta ƙware tana da rumbunta daban da na mijinta, daga cikinsa take ciyar da kanta da 'ya'yanta a wani ɓangare na shekara, musamman da rani, yayin da ake adana hatsin gandu don damina, lokacin da aiki ke da nauyi abinci kuma ke ƙaranci. Saboda haka macen da ta shiga ikkilisiya daga irin wannan gida ta shigo ne da dukiyar da take da iko a kanta, kuma da aka ce a kawo baikon kaka tana da abin da za ta kawo da sunanta ba tare da ta jira izinin buɗe rumbun kowa ba.

Aikin kaka a irin wannan gida yana farawa tun da asuba, da addu'ar safe wadda a ƙauyuka da dama ake bugun ƙarfe a kira jama'a zuwa gare ta, sannan uwa ta hura wuta ta ɗumama tuwon jiya ko ta dama kunu, ta goya jariri, ta kama hanyar gona. Maza ne ke sāre kara su yanke zangarniya su ɗaure dami, amma roron wake da na gyaɗa, da tsinkar auduga, da jigilar kaya a ka zuwa gida, galibinsu kan mata da yara suke faɗawa. Bayan an kwashe dami sai kala, wato tsintar abin da ya zube ko aka tsallake a gona, wadda al'ada ta bar wa mata da yara da marasa ƙarfi. Wannan ne ya sa labarin Rut na Littafi Mai Tsarki, gwauruwar da ta yi kala a gonar Bo'aza, bai bukaci dogon sharhi ba a gaban matan da suka san zafin sunkuyo a tsakanin kunya-kunya. A gida kuma ga sussuka, wato raba tsaba da zangarniya a turmi, ga shiƙa, wato zubo hatsi daga ƙwarya a gaban iska domin ƙaiƙayi ya tafi, sannan surfe da wanki da daka. A cikin makonnin nan ne kuma ake tanadin miyar shekara: a yanyanka kuɓewa a shanya, a busar da ganyen kuka da karkashi da yakuwa, a ɓare zoɓorodo, a dafa 'ya'yan yakuwa a yi daddawar batso. Uwar da ta yi sakaci da shanya a Oktoba za ta gane kuskurenta a Afrilu, sa'ad da kasuwa ta yi tsada lambu kuma ya yi nisa.

Yara ba 'yan kallo ba ne a wannan hidima. 'Yar shekara shida ko bakwai takan zama mai reno, ta riƙe ƙaninta a inuwa har lokacin shan nono ya yi, yaran maza kuma su kori tsuntsaye daga dawa su tsare shanya daga awaki da kaji, ladansu kuwa tumu, wato sabon geron da ake gasawa a wuta a murje a ci, da gasasshiyar masara da ɗanyar gyaɗa da rake. Da dare, bayan tuwo, a tsakar gidan da a dā tatsuniya kaɗai ake yi, aka ƙara haddar aya da waƙoƙin da yara za su rera a makarantar Lahadi, kuma a gidaje da yawa uwa ce ke bi da wannan karatu, ko da ita kanta a ajin manya ta koyi haɗa baƙi da wasali.

Shiga sabon addini ya taɓa wannan tsari ta fuskoki da suka fi shafar mace fiye da namiji. Mafi tsanani a cikinsu ita ce maganar giya. Dafa burkutu da sabuwar dawa babbar sana'ar matan Maguzawa ce, ita ce kuma abin sha a gayya da biki da sadaukarwa ga iskoki, amma mishan SIM da ikkilisiyar ECWA da ta fito daga cikinta a 1954 sun haramta ta ga mabiyansu, ko da yake Katolika ba su tsananta haka ba. Macen da ta kife tukunyar giya ta rasa hanyar samun kuɗinta mafi girma a daidai lokacin da hatsi ya fi araha, dole ta koma ga man gyaɗa da ƙuliƙuli da daddawa da kunun zaƙi da kiwon ƙananan dabbobi. Sai kuma auren mace ɗaya, wanda ya ɗaga darajar matar aure ta wata fuska, amma ya kawar da rabon girki, wato tsarin da kishiyoyi ke karɓa-karɓar dafa abincin gida, har ya zama mace guda ce ke gona, ita ce a murhu, ita ce da goyo, ba ranar hutu. Hutun Lahadi kuwa, ko da yake ya ba jiki sarari, ya matse aikin kwana bakwai cikin shida a lokacin da jinkirin yini guda ke iya sa wake ya fashe a gona.

Wannan giɓi na rashin mai taya uwa aiki shi ne Zumuntar Mata ta cike. Ƙungiya ce ta matan aure a cikin ikkilisiya, wadda ta kafu a coci-cocin Arewa tun kafin samun 'yancin kai, ta kuma bazu har ta zama ba wata babbar ɗarika a yankin da ba ta da irinta, daga ECWA da COCIN da EYN har Angilika da Katolika, da ma Kiristocin yankin Maraɗi a Nijar. An fi saninta da zanen anko da waƙoƙin da ake rerawa da kiɗan tulu da caki, amma nauyinta na gaske yana cikin hidimar da ba a gani a kan dandamali: kai wa mai jego ruwa da itace da tsaba, taya mara lafiya roron gyaɗa, zaman makoki, sasanta ma'aurata, da koya wa amarya riƙon gida a ƙarƙashin uwar zumunta, wato shugabar ƙungiyar. Taimakon da mace ke samu a dā daga kishiya da matan gandu ya koma hannun ƙungiya mai shugabanci da asusu da ranar taro, wanda ba ƙaramin sauyi ba ne a tarihin zaman matan karkara.

Ranar godiya kanta akan tsai da ita bayan dawa ta shigo gida, wato wajen Nuwamba ko farkon Disamba. Ana fitowa rukuni-rukuni ana waƙa, maza da damunan dawa da gero, mata da ƙwaryar wake da gyaɗa da kabewa da kaji, yara kowa da ɗan abin da aka danƙa masa, sau da yawa daga kalar da shi da kansa ya yi, domin uwaye sun ɗauki wannan a matsayin darasin farko na bayarwa. Ana bambanta baikon godiya da zakka ko ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Bayan sujada akan ware wani ɓangare don mai bishara, wato ma'aikacin da ke kula da ƙaramar majami'ar ƙauye, wanda albashinsa na kuɗi bai cika isar iyali ba, wani ɓangaren don gwauraye da marayu, saura kuma a yi gwanjonsa a sa kuɗin a gini ko rufi. Ikkilisiyun ƙauye da dama da wannan hatsi suka tsaya da ƙafafunsu bayan Turawan mishan sun miƙa ragama. Abin da ya rage a hannun uwa bayan baiko, shi take auna wa kasuwa kaɗan-kaɗan don ɗinkin Kirsimeti da rigunan sanyi, tun da hunturu na biye da kaka a guje.

Kaka ba lokacin ƙoshi kaɗai ba ne ga mai ƙananan yara, domin ƙarshen damina shi ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, kuma yana samun yara ne a raunane bayan watannin da rumbu ya yi ƙasa. Ƙananan ɗakunan shan magani na mishan, da asibitoci irin na Wusasa da na Galmi a Nijar, suna cikin abubuwan da suka fara jawo uwaye kusa da coci tun kafin wa'azi ya ratsa su. Sai a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina a yankin Sahel.

Daga tsakiyar shekarun 1970 abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da makamantansa sun yaɗa takin zamani da masara, har ta ture dawa a gonaki da yawa na kudancin Katsina da arewacin Zazzau. Injin niƙa da na sussuka sun rage wa turmi aiki, amma sun mai da abin da ake yi da ƙarfi abin da ake biya da kuɗi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗauke mai reno daga inuwar gona ya kai ta aji, kuma yanzu da zangon karatu ke buɗewa a Satumba, kuɗin makaranta kan tilasta sayar da hatsi a lokacin da farashinsa ya fi faɗuwa. A biranen Kaduna da Kano da Jos baikon godiya ya koma ambulan ɗin kuɗi da buhun shinkafar kasuwa, ko da yake har yanzu ana ƙawata gaban majami'a da karan dawa da rake. A ƙauyukan Katsina da Kaduna da Zamfara kuwa, inda hare-haren 'yan bindiga suka hana Musulmi da Kirista kaiwa ga gonakin nesa, gayaunar mace tana cikin gonakin da aka bari, kuma iyalai da dama da suka yi gudun hijira zuwa garuruwa sun koma sayen awo a watannin da suka saba cika rumbu.