Ƙwaƙwalwar Aro: Daga Mancesta Zuwa Sabon Tasha

A shagunan buga takardu na Sabon Tasha da Barnawa da Kakuri a Kaduna, har yau akwai masu haɗa katin biki da kalanda da ba su rabu da PageMaker ko tsohon CorelDRAW ba. Da su hannu ya saba, kuma a cikinsu aikin shekaru yake ajiye. Rigima takan tashi ne ran da aka sayo sabuwar kwamfuta: a ɗora wata tsohuwar manhaja, ta ƙi buɗewa, ta ce ƙwaƙwalwa ba ta isa ba, alhali sabuwar ta ninka wadda aka ajiye sau goma.

Asalin zancen yana Jami'ar Mancesta ta Ingila, inda Tom Kilburn da abokan aikinsa suka ƙaddamar da kwamfutar Atlas a 1962. Ƙwaƙwalwar aiki, wato ram, tsada gare ta a lokacin, sai suka yi dabarar ɗan tireda mai ƙaramin tebur da sito a baya: a yanka bayanai shafi-shafi, wanda ake bukata ya zauna a tebur, saura ya jira a sito. Manhaja kuwa ta ɗauka duk teburi ne; wannan ce ƙwaƙwalwar aro. IBM ta sa dabarar a injinanta a 1972, Intel ta kawo ta kwamfutar tebur da 80386 a 1985, Windows 3.0 ta soma amfani da ita a 1990.

A shekarun da masaƙun Kakuri ke rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007, shagunan intanet ke yawaita a kudancin Kaduna. Yawancin injinansu na hannu ne, ram ɗinsu megabait 128 ko 256, suna ɗauke da Windows XP. A lokacin gargaɗin ƙarancin ƙwaƙwalwa gaskiya yake faɗa. Mai gyara zai shiga saiti ya faɗaɗa siton, wato fayil ɗin pagefile.sys, ya kai shi ninki ɗaya da rabi na ram, aiki ya ci gaba ko da da jan ƙafa.

Yau lamarin ya juye, kuma nan ne masu shago ke asarar kuɗi. Manhajoji da dama na wancan zamani suna ƙirga ƙwaƙwalwa da lambar da ba ta wuce 2,147,483,647, kusan gigabait 2. Idan suka tarar da gigabait 8, lissafi sai ya zarce ya koma ƙasa da sifili, su yi kukan babu. Yawa ne ya ruɗa su. Wanda ya je ya ƙaro ram ya sayi maganin wata cuta daban.

Abin da ke aiki shi ne a ƙayyade girman siton da hannu, ko a sa Windows ta yi wa manhajar shigar XP, ko a gina mata tsohon gida a cikin sabuwar na'ura da VirtualBox. Manhajojin zamanin Windows 3.1 kam ba sa tashi sam a Windows mai bit 64.

Wasu na gwammace su riƙe tsohon injin a lungun shago, kuma ba laifi. Sai dai Microsoft ta daina yi wa XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu, 2014, don haka duk mai irin wannan inji ya raba shi da intanet, ya kwafe ayyukansa zuwa wani wuri tun faifan bai mutu ba.