Daga aladen Galen zuwa majinyatan Ortner

A ƙarni na 2 Miladiyya, likitan nan Galen yakan tara manyan birnin Rum ya ɗaure alade a gabansu. Aladen na cikin tsala ihu sai ya datse wasu siraran jijiyoyi a wuyansa, nan take ya yi tsit, alhali numfashinsa bai tsaya ba. Su ne jijiyoyin da ke motsa tantanin murya. Ta hagun tana da doguwar hanya: takan gangara har ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jini mai fitowa daga zuciya, kana ta hauro maƙogwaro. Duk abin da ya kumbura a wannan lungu zai iya danne ta.

Sai da madubin leƙa maƙogwaro ya shiga hannun likitoci a ƙarshen shekarun 1850 suka fara ganin shanyayyen tantani da idonsu. A 1897 Norbert Ortner, likita a birnin Biyana, ya ba da labarin majinyatan da ɗaya daga ƙofofin zuciyarsu ta tsuke, muryarsu kuma ta dishe. Ya ɗora laifin kan ɗakin zuciya na sama na hagu, wanda ya buɗe ya matse jijiyar muryar.

Ya gano dangantakar, amma bayaninsa bai gamsar da kowa ba. A 1911 Fetterolf da Norris a Amurka suka bincika gawarwaki, suka nuna cewa an fi matse jijiyar tsakanin babbar jijiyar jinin da kumburarriyar jijiyar da ke kai jini huhu. A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi, ko da yake sunan Ortner ne ya manne wa ciwon har yau.

Sanadin ma ya sauya. A Turai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da kyautatuwar muhalli sun karya lagon ciwon zuciyar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaron yara ya tsuke ƙofar zuciya, don haka yanzu an fi samun dishewar ga dattawan da babbar jijiyar jininsu ta yi ƙullutu. A asibitocin arewacin Najeriya da Nijar kuwa, tsukewar ƙofar zuciya irin ta zamanin Ortner ba ta kau ba, har ga matasa. Muryar da ta yi makonni a dishe ba mura, likita ya leƙa ya tarar tantanin hagu ba ya motsi, hoton ƙirji zai nema.