Jiragen Sin da raƙumin dawa

Yawancinmu a Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba mu taɓa ganin teku ba. Ruwan da muka sani shi ne tabki da Gulbin Maradi, wanda kan kawo da damina, ya janye da rani. Teku ruwan gishiri ne, ba ya ƙafewa. Jirgi kan yi kwanaki cikinsa ba a hangi tudu ba.

A shekarar 1405 sarkin ƙasar Sin ya tura wani bawansa cikin wannan ruwa. Sunansa Jang He. Musulmi ne, ubansa da kakansa alhazai ne. Ya fita da manyan jirage fiye da 60 da mutane wajen 27.000. Tafiya bakwai ya yi, ta ƙarshe ta ƙare a 1433. Jiragensa sun je Indiya, ƙasashen Larabawa da gabashin Afirka. Wasu mutanensa har Makka suka kai.

To, da me jiragen suke tafiya, tun da babu inji a lokacin? Da iska. Kamar yadda hunturu ke buso mana daga arewa maso gabas, iskar damina kuma daga kudu maso yamma, haka take a wannan teku. Sai su ɗaga filafilan jirgi, iskar hunturu ta kai su. Su zauna can suna ciniki, su sayar da alharini da tangaran, su sayi barkono da turare. In iska ta juya, su komo gida. Wanda ya makara, sai ya jira baɗi, kamar manomin da shuka ta wuce shi.

Cikin tsarabar da aka kai wa sarki, wadda ta fi ba mutane mamaki raƙumin dawa ne. A 1415 manzannin Malindi, wani gari na Kenya ta yau, suka kai shi fada. Mutanen Sin suka ce ai dabbar albarka ce, ba ta bayyana sai a zamanin sarki adali. Fadawa dai ko'ina fadawa ne!

Daga baya manyan fada suka ce kuɗin ya yi yawa, ga abokan gaba a iyakar arewa. Aka bar tafiyar, jiragen suka ruɓe.

Raƙumin dawa kuwa, kakanninmu sun san shi a dajin nan, sannan fari da farauta suka ƙarar da shi. A 2018 aka ɗauko takwas daga Kure, aka sake su a dajin Gadabeji, arewa da Dakoro.