Buhun da Ba Ya Sokuwa: Tarihin Rigimar ZIP da Antibirus

A makarantun Agiye, Gazawa da Gidan Runji, jerin sunayen masu jarrabawar BEPC da tsoffin tambayoyi suna yawo tsakanin malamai a filashi ko ta WhatsApp, sau da yawa a matse cikin fayil guda na ZIP ko RAR, don kuɗin intanet ba wasa ba ne. Wani lokaci antibirus ya tare fayil ɗin, sai ka ji an ce: "Kashe shi, fitina gare shi." Wannan rigima ta girmi duk ɗaliban da muke koyarwa.

A 1989 ne Phil Katz, wani matashi a Milwaukee ta Amurka, ya fitar da PKZIP, bayan kamfanin SEA ya kai shi kotu a kan tsarin matsewa na ARC. Katz ya bayyana wa kowa yadda ZIP yake aiki, shi ya sa ya game duniya, a zamanin da faifai ɗaya bai kai megabait 2 ba. Daga Rasha kuma RAR ya fito a 1993 ta hannun Eugene Roshal, WinRAR a 1995, sai 7-Zip na Igor Pavlov a 1999.

Ga tushen matsalar. Mai sayen aya ko wake a kasuwar Gazawa yakan soka ƙarfe a buhu ya ga abin da ke ciki. Haka antibirus yake yi, yana neman alamun cutar da ya sani a jikin fayil. To, matsewa tana sauya kamannin fayil ɗin gaba ɗaya, alamar ta ɓace, dole sai ya kwance buhun tukuna. Mugaye sun gane haka da wuri. Suka ƙirƙiro 42.zip, ɗan fayil mai kilobait 42 kacal, buhu cikin buhu cikin buhu, wanda in aka kwance shi duka zai kai gigabait miliyan 4 da rabi. Antibirus ya shiga kwancewa, kwamfuta ta sandare. Dalilin da ya sa ke nan aka sa masa iyaka, har ma yakan ce ya kasa bincika wani fayil.

A 2004 cutar Bagle ta zo da dabarar da ta fi wannan. Tana aiko da ZIP kulle da kalmar sirri, ta rubuta kalmar a cikin wasiƙar. Antibirus ba ya iya buɗewa, amma mutum da hannunsa zai kwafi kalmar ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Har yau Gmail ba ya karɓar fayil mai .exe ko an ɓoye shi cikin ZIP.

Ba kullum antibirus ke da gaskiya ba. Matsattsen fayil mai kwance kansa da kansa yana kama da cuta a idonsa, yakan kama marar laifi. Sau da yawa ma ba ruwansa: intanet ne ya yanke ana tsakiyar saukewa, ko an zare filashi da gaggawa, fayil ya lalace, shi kuwa ya sha zagi a banza.

Abin da ya fi damuna ya bayyana ne a 2019. Masu bincike na Check Point sun gano ɓaraka a WinRAR wadda ta shekara 19 ba a sani ba, a ɓangaren da ke buɗe tsohon tsarin ACE. Kwance fayil kawai ya isa a dasa cuta a inda za ta tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Kamfanin ya cire ACE ɗin ɗungurungum a fitowa ta 5.70. A Agusta 2023 aka sake toshe wata ɓarakar a 6.23.

Shi kuwa WinRAR ba ya sabunta kansa. Wanda mai gyara ya saka wa kwamfutar darakta a Maraɗi shekarun baya, shi ne dai ke nan zaune, sai in wani ya sauko da sabo. A irin wannan kwamfuta, wadda ke ɗauke da makin yara da takardun haihuwarsu, antibirus ɗin da ake cewa a kashe ne kaɗai ya rage a bakin ƙofa.