Lauje a Cikin Jini: Yadda Sauro Ya Sauya wa Ƙwayar Jini Fasali

Daga Agusta zuwa Oktoba, idan Gulbin Sakkwato ya cika ya malala fadamun Gusau da Bungudu, kududdufai kuma suka kwanta a bayan gidajen Tsafe da 'Yandoto, to kakar sauro ta kama. A gida ɗaya sai zazzaɓi ya kwantar da yaro har da jijjiga, ƙanensa da suke kwana kan tabarma ɗaya kuwa ya ɗan yi ɗumi kwana biyu ya miƙe. Tsofaffi kan ce wannan jininsa ne mai ƙarfi. Wani lokacin da gaskiyarsu.

Jar ƙwayar jini aba ce mai laushi, kamar 'yar waina da aka danna tsakiyarta. Tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, ta yi kwana 120 tana dakon iskar oksijin. Cikinta ne ƙwayar maleriya ke shiga ta ci ta hayayyafa.

A shekarar 2018 masana biyu a Amurka, Daniel Shriner da Charles Rotimi, haifaffen Najeriya, suka bi diddigin gadon sikila, suka ƙiyasta cewa ya samo asali ne daga mutum ɗaya, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyayi. Harafi ɗaya tal ya sauya a ƙwayar halittarsa. Da ba don sauro ba, da wataƙila sauyin ya ɓace tun tuni. Wanda ya gaji sauyin daga mahaifi ɗaya, wato mai AS, idan maleriya ta shiga ƙwayar jininsa, oksijin ya ragu, sai ƙwayar ta tanƙware, saifa ta tsince ta ta halaka ta tare da baƙon da ke ciki. Irin waɗannan yara suka riƙa tsallake damina, suka girma, suka hayayyafa.

Sai dai wanda ya gada daga uwa da uba duka, mai SS, shi ya ɗauki nauyin. Ƙwayoyinsa na tanƙwarewa ko babu maleriya, su yi tauri kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Amosanin jini ke nan, wato sikila. Babu mamaki wasu daga cikin yaran da a da ake kira 'yan wabi shi ne ya riƙa ɗauke su.

Likitanci ya makara wajen ganewa. A 1910 James Herrick ya bayyana ƙwayoyi masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi ɗan Giranada a Chicago. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure maleriya, bayan shekara biyu Vernon Ingram ya gano inda sauyin yake a sinadarin himogulobin.

Hujja mafi kusa da gida ta fito ne daga Garki, a Jigawa ta yau, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi nazarin maleriya daga 1969 zuwa 1976. Cikin jarirai 100, kusan biyu aka samu da SS, amma da ƙyar ake samun mai SS cikin manya. Masu AS kuwa, kusan ɗaya cikin huɗu ne a jarirai, kuma kasonsu ƙaruwa yake yi yayin da yara ke girma.

Yau uwar mai sikila a Gusau ta san kalandarta: damina gidan sauro, hunturu rigar sanyi da safa da yawan shan ruwa, domin sanyi da ƙishirwa ke tayar da ciwon ƙashi da ke kai su Cibiyar Lafiya ta Tarayya cikin dare. Maganin hydroxyurea, da Amurka ta amince da shi a 1998, wata dabarar ce ta ƙwayar kanta: yana zaburar da ɓargo ya koma yin himogulobin irin na jariri a ciki, wanda ba ya tanƙwarewa. A 2024 kuma Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin ɗaurin aure, har da na sikila.