Riƙon 'Ya'ya a Ƙasar Hausa

Riƙo shi ne mutum ya ɗauki ɗan da ba shi ya haifa ba, ya ajiye shi a gidansa, ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa tarbiyya har ya aurar da shi. Sau da yawa iyayen yaron suna raye, kuma ba babu ce ta sa suka ba da shi ba. A nan riƙon Hausawa ya bambanta da renon maraya. A da, gidan da rumbunsa yake cike ma yana ba da ɗa, gidan da ya ba da nasa kuma yana iya karɓo na wani. Daga Zazzau har Damagaram ana ganin ɗa na dangi ne, waɗanda suka haife shi kuwa suna cikin masu hakki a kansa, ba su kaɗai ba.

Tushen al'adar yana cikin kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta yi cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, ta yi wankan jego na kwana 40, ana dama mata kunun kanwa, uwarta ko gwaggonta na tsaye a kanta. Tun daga nan jaririn yake shiga hannun manya. Mai jego ba ta ɗaukarsa a gaban mutane sai an matsa mata, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa ba za ta kama ba har girmansa. Uban ma haka, sai dai ya ce “yaron nan”. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce, kuma macen da ta nuna ɗokin ɗanta na fari takan sha gori a wurin tsofaffi, a ce ba ta da ta-ido. To yaron da uwa da uba suke kawar da kai daga gare shi dole a sami mai jansa a jiki. Kakanni ne suka cike wannan gurbi, shi ya sa tsakaninsu da jika babu komai sai wasa: kaka mace tana kiran jikanta namiji maigida, ta kira macen kishiya.

Lokacin yaye ne ake miƙa yaro. In ya kusa shekara biyu a nono, sai a sa rana, a goya shi a kai shi gidan kaka ko gwaggo, a haɗa da 'yan rigunansa. Daren farko ba a barci. Tsohuwa ta yi ta jijjiga shi a baya tana zagaya tsakar gida, tana lallashinsa da kunu ko fura, uwar kuwa ba za ta leƙo ba har sai ya manta da nono. Bisa ƙa'ida in ya saba a mayar da shi. Amma sau da yawa idan aka aiko ɗaukarsa sai tsohuwa ta ce, “A bar mini shi, shi ne mai ɗebe mini kewa.” Babu surukin da zai iya buɗe baki ya ce a'a. Da haka yaye yake zama riƙo, ba takarda, ba shaidu.

Ba kakanni kaɗai ake bai wa ba. Gwaggo tana da hakki mai ƙarfi a kan 'ya'yan ɗan'uwanta, musamman mata, baffa da kawu kuma sukan ɗauki maza. Amarya takan tare da ƙanwarta ko 'yar yayarta a matsayin 'yar zaman ɗaki, wata daga nan sai ɗakin miji. Wadda aka fi tausaya wa ita ce macen da Allah bai ba ta haihuwa ba. Dangi ba sa barin ɗakinta wayam. 'Yar'uwa ko kishiya ko aminiya za ta yaye ɗa ta miƙa mata. Shaida mafi bayani a kan wannan ita ce labarin Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877. Ta ba wata mai bincike, Mary Smith, tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, bayan rasuwarta. Baba ta yi aure huɗu ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi, ta aurar, ta tsufa ana kiranta uwa da kaka. Mai karanta labarinta zai lura cewa bayar da ɗa da karɓarsa abu ne na yau da kullum a zamaninta, kamar biki da suna.

Zumunci ne a gaba, amma akwai lissafi a ciki, kuma ba a ɓoye shi. A karkara, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke noma gandu ɗaya, ƙarin yaro ƙarin fartanya ne. A birni kuwa kulle ne ya ɗaga darajar 'yar riƙo. Matar da ba ta fita tana sana'a a cikin gida, tana ƙuli-ƙuli ko dafa-duka ko ƙosai, amma ba ta da hanyar kai su ga mai saye sai ta hannun yaro. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda cinikin matan kulle ya rataya a wuyan yara masu talla da aike. Macen da 'ya'yanta suka yi aure, ko ba ta haifi mace ba, sai ta roƙi 'yar wani. Yarinya ta ɗauki faranti da hantsi, ta dawo da azahar ta zube ciniki, a lissafa, a jefa riba a asusu ko a zuba adashi. Da wannan kuɗi uwar riƙo take tara mata tasoshi da kwanoni, ana jera su a ƙarƙashin gado shekara da shekaru, don ranar jere kada a ce ta yi wa 'yar mutane riƙon sakainar kashi. Kayan ɗakin amarya su ne jarrabawar mariƙiya, kuma mata 'yan ganin ɗaki ba sa yi mata sassauci.

Maza kuma riƙo ne makarantarsu. Mai son ɗansa ya iya ƙira ko rini ko dukanci yakan kai shi gidan ɗan'uwa mai sana'ar, mai son karatu ya damƙa shi ga malami. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da waɗanda suka kafa zango a Kumasi da Sabo ta Ibadan, sun riƙa karɓar yaran dangi daga gida, su tashi a gaban maigida, su koyi ciniki, ya yi musu aure, ya ba su jari. Akwai kuma wani dalili da tsofaffi suke faɗa ƙarara: uwa ba ta iya hora ɗanta, tausayi ba zai bar ta ba, gara a kai shi inda ba za a shagwaɓa shi ba.

Musulunci ya tarar da riƙo bai hana shi ba, sai dai ya yi masa iyaka. Malamai sukan kawo cewa Annabi (SAW) ya tashi a hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi da baffansa Abu Ɗalibi, shi ma ya riƙi Sayyidina Ali. Abin da Suratul Ahzabi ta soke, a kan sha'anin Zaidu ɗan Harisa, shi ne a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Don haka ɗan riƙo yana amsa sunan mahaifinsa, ba ya gadon mariƙinsa, sai dai a yi masa kyauta tun da rai, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Riƙo kuma ba ya haramta aure, shayarwa ce take haramtawa, shi ya sa ake iya haɗa 'yar riƙo da ɗan gidan da ta tashi. Inda al'ada da fiƙihu suka yi hannun riga shi ne bayan saki. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure hakkin ya koma ga mahaifiyarta. A aikace kuwa da an yaye yaro uba yake karɓe abinsa, ya ba uwarsa ko 'yar'uwarsa ko wata matarsa. Wanda ya bi uwa gidan sabon miji shi ne agola, kuma an san zaman agola ba daɗi. Yawancin labaran cutar da ɗan riƙo daga wannan kafa suke fitowa, domin wadda aka ɗora wa yaro ba kamar wadda ta roƙa ba ce.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 abubuwa suka fara sauyawa. Gandu ya yi ta rarrabewa, ma'aikaci ya ɗauki matarsa ya tafi inda aiki ya kai shi, nesa da tsofaffin da za su karɓi yaye. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sa yaro yana aji a lokacin da a da yake talla ko gona, daga baya kuma kuɗin makaranta da na asibiti suka mayar da riƙo nauyi mai tsada. Wa'azi ma ya taɓa tushen abin, don malamai da dama sun soki ƙin kiran sunan ɗa da ƙin jansa a jiki, suka ce ba addini ba ne. Yau matan birni da yawa suna kiran ɗan fari da sunansa, ko su laƙaba masa Abba ko Ummi in sunan iyaye ya ci, kuma suna yaye shi a ɗakinsu.

Al'adar ba ta mutu ba, alƙibla ta sauya. A da yaro yana tafiya ko'ina a cikin dangi, yanzu ya fi tafiya daga ƙauye zuwa birni, daga gidan mara shi zuwa gidan mai shi, yawanci da sunan karatu. Wani ya dace, baffa ya sa shi makaranta ɗaya da 'ya'yansa. Wata kuma a kawo ta da sunan riƙo ta ƙare a wanke-wanke da raino, bambancinta da 'yar aikatau kawai ba a biyanta. Dokar kare hakkin yara ta Nijeriya ta 2003 ta tanadi riƙo ta hanyar kotu, amma jihohin Arewa da dama sun daɗe kafin su karɓe ta, wani ɓangare saboda saɓaninta da Shari'a a kan mayar da ɗan wani naka. Takardar kotu ta fi shafar yaran gidajen marayu. Tsakanin dangi har yanzu da baki ake bayarwa, kuma ranar ɗaurin aure mahaifi yakan ja da baya ya bar wa mariƙi karɓar sadaki da ba da aure.