BAYANI: Abin da ya kamata mai gida ya sani kafin gyaran kicin, banɗaki da wurin wanki

Wurare uku ne ruwa ke shiga yana fita kullum a cikin gida: kicin, banɗaki da wurin wanki. A nan ne kuma bututun ruwa da wayar lantarki ke bin bango ɗaya. Mafi yawan aikin da ake biyan kuɗinsa a waɗannan wurare binne shi ake yi ƙarƙashin filasta da tayil, shi ya sa ha'inci da ganganci ke samun mafaka a ciki.

Idan yoyo ya fara, danshi kan ratsa kankare har ya kai ga rodi. Rodin da ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren da ke riƙe da shi. A gidan bene, wannan ya wuce ɓacin fenti, ya zama barazana ga ginin da mutanen da ke ciki.

Jerin aiki

Tun ran gini, ran zane. Ana farawa da tsayar da mazaunin kowane abu: masai, shawa, wurin wanke-wanke, murhu da injin wanki. Daga nan a fasa tsohon aiki, mai aikin famfo da mai aikin wuta su shimfiɗa bututu da waya, a gwada su, a yi filasta da daɓe, a shafa maganin hana ruwa, sannan a sa tayil. Kabad da fenti su ne ƙarshe.

Kada a rushe bango don faɗaɗa kicin sai injiniya mai rajista da COREN, ko magini mai rajista da CORBON, ya tabbatar ba ya ɗauke da nauyin gini. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida a rubuce.

Bututu da gangara

Bututun ƙarfe na tsofaffin gidaje yana tsatsa daga ciki, don haka a cire shi tun da an riga an fasa bango. Bututun PPR, wanda ake haɗa gaɓoɓinsa da zafi, yana ɗaukar ruwan zafi da na sanyi. Na PVC bai dace da ruwan hita ba.

Bututun masai inci 4 ne. Na wurin wanke-wanke da shawa kan kasance inci 1½ zuwa 2. Magudana na buƙatar gangarar kimanin santimita 2.5 a kowace mita, daɓen banɗaki kuma santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin magudana. Kowace mafitar ruwa ta samu lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, domin ita ke tare warin sokawe. A kuma fitar da bututun shan iska har saman rufi.

Kafin a rufe bango, a toshe bakunan bututu, a sake ruwa da ƙarfi, a duba kowace gaɓa. A ɗauki hoton bangon a lokacin. Zai nuna inda bututu ya bi ranar da za a buga ƙusa ko a nemi yoyo.

Inda ake shan ruwan rijiya ko burtsatse, ƙa'idar da masu aikin tsaftar muhalli suka fi bi ita ce tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsu da sokawe.

Maganin hana ruwa

Tayil da simintin da ake cike tsakaninsa ba sa tare ruwa gaba ɗaya. Abin da ke tarewa shi ne maganin da ake shafawa ko shimfiɗawa a kan daɓe kafin tayil. Akan shafa shi sau biyu, a hau da shi bango kamar santimita 15 a kewayen ɗakin, a wurin shawa kuma har mita 1.8. Kusurwoyi da bakin bututu su ne inda yoyo ya fi farawa.

Gwajinsa ba ya cin ko kwabo. Bayan ya bushe, a toshe magudana, a tara ruwa a daɓen na awa 24, a duba ko ya ragu ko ya jiƙa silin ɗin ƙasa. Wannan matakin ne ya fi saurin ɓacewa idan ana gaggawa, domin da zarar tayil ya hau babu mai gane an tsallake shi.

Tayil

Tayil ɗin ƙasan banɗaki ya zama mai kaushi, saboda santsi. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon ɗaki don yanka da fashewa. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ake saye ko a Dei-Dei ta Abuja, a duba lambar rukunin da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya, domin launi kan bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Bayan an sa, a ƙwanƙwasa: wanda ya yi amon ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, kuma fashewa zai yi.

Lantarki

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma jiƙaƙƙen jiki ya fi saurin ɗaukarta. Hita da injin wanki da murhun lantarki kowanne ya samu layinsa daga akwatin rarraba wuta, tare da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Makunnin hita ya zauna a wajen banɗaki. A sa na'urar RCD mai awon 30mA, wadda ke katse wuta nan take idan ta zurare ta jikin mutum. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wuta takardar ƙwarewa, kuma mai gida na da damar neman ganinta. A jikin waya kuma a nemi tambarin hukumar SON, saboda jabu.

Kicin da wurin wanki

Tsayin kantar girki da aka saba santimita 90 ne. Katakon MDF kumbura yake idan ya sha ruwa, don haka a guje shi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zube ƙasa yake taruwa. Tukunyarsa ta zauna inda iska ke kaɗawa, zai fi kyau a waje, ba cikin rufaffen kabad ba. Wurin wanki ya samu magudana a daɓensa, ko da bututun injin zai ɓalle.

Biyan kuɗi

Araha ba ta ado. A nemi ƙiyasi a rubuce wanda ya raba kuɗin kaya da ladan aiki, ya kuma faɗi suna da girman kowane kaya. A raba biyan kashi-kashi: bayan gwajin bututu, bayan gwajin tara ruwa, bayan tayil. A riƙe wani kaso har sai an yi makonni ana amfani da wurin babu yoyo, kuma a rubuta hakan cikin yarjejeniya tun kafin a ba da kafin alƙalami.